Tafiyata Doha Karɓo Haƙƙin Yaya Haruna

Watanni sun ɗan ja tun da na dawo, kuma ban riƙa rubutawa a hanya ba, don haka mai yiwuwa wata sa'a ko wani wuri ya gauraye mini. Inda nake shakka zan nuna.

Mahaifina, Malam Haruna, direban bas ne na wani kamfanin gine-gine a Qatar. Can ya rasu, can aka binne shi. Abokan zamansa suka aiko mana da jakarsa da gudummawar da suka haɗa, muka ɗauka shi ke nan. Sai bara amininsa Baba Sabo, ɗan garinmu da ke tuƙi a can, ya bugo waya ya ce ya ji kamfanin ya ajiye kuɗin sallamar marigayi a hannun gwamnati ana jiran magada, kuma idan aka daɗe ba a nema ba za su wuce baitulmali. Ƙannena huɗu duk suna makaranta, ɗakin Umma yana yoyo. Da yake ni ne babba, ni ne kuma na yi jami'a, sai aka wakilta ni.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata Inna, na tashi ina jin ƙannen mahaifina suna ce masa Yaya, ni ma na bi sahu. Shi kuma saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin ya ce Usman ba. "Yaron nan" nake a bakinsa.

Birnin Kudu zuwa Kano

Na bar gida kafin kiran assalatu. Takardar gado daga kotu, takardar wakilci da ta haihuwata, duk an fassara su da Larabci an buga hatimi, na naɗe su a leda biyu na soke a cikin riga. Direban motar ya ga ina ta dafa ƙirji.

"Malam, ciwon zuciya ne ko kuɗi ne?"

"Takardu ne."

"To Allah Ya sawwaƙe, sun fi duka biyun wahala."

Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu, ko uku, ba a sauke mu ba. Muka yi sallah a Wudil, na karya da ƙosai. Hantsi ya same ni a filin jirgi, alhali jirgin sai yamma zai tashi. Na gwammace in yi ta zama da in makara.

Doha, Al Wukair

Ban san tsawon lokacin da muka yi a sama ba, don barci ya yi ta fizgata. Da sassafe muka sauka. Bizar ziyara ce wani likita ɗan jiharmu ya taimaka ya samar mini, ta ɗan gajeren lokaci, tikitin komawa kuma ba na canjawa ba ne. Baba Sabo ya tare ni, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ikon Allah. Har goshin nasa ne. Yalla, mu tafi kafin rana ta buɗe."

A Al Wukair, wata unguwa da ke kudu da Doha, ya sauke ni a ɗakinsu. Mutum huɗu ne, gadaje sama da ƙasa. Wani mai gadi ɗan Gusau ya bar mini gadonsa tunda aikin dare yake yi. Aka kawo shinkafa da kaza irin ta Larabawa, aka barbaɗa mata yajin gida.

Ofishin gwamnati

Ranar Lahadi muka je, domin a can Lahadi ce farkon mako. Ba zan ambaci sunan ofishin ba don kada in yi kuskure. Muka karɓi lamba, muka zauna a sanyin da ya sa haƙorana kaɗawa. Da aka kira mu, jami'in ya buga lambar katin marigayi a na'ura, ya gyaɗa kai. Kuɗin suna nan, ba wanda ya taɓa su. Saura kaɗan in yi kabbara da ƙarfi.

Tafintan ofishin wani dattijo ne ɗan Sudan mai jin Hausa. Ya ce in gabatar da kaina. Bakina ya riga tunanina.

"Na zo ne kan haƙƙin Yaya Haruna."

Ya fassara yadda na faɗa. Jami'in ya dubi takarduna, ya dubi na'urarsa, ya yi magana a natse.

"Ya ce takardarka ta ce kai ɗa ne," in ji tafinta. "Bakinka ya ce ƙane. Marigayin ma da ya ba kamfani sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru, sunan Usman ya rubuta, ya ce ƙaninsa ne. To wanne ne? Ƙane ba ya gado idan akwai 'ya'ya maza."

Na yi ta bayanin al'ada, gumi yana zubo mini a cikin wannan sanyin. Jami'in bai yi fushi ba, kuma a ganina gaskiyarsa ce, amanar marayu yake tsarewa. Ya ce in kawo shaidu biyu da suka san marigayi a nan, ranar Alhamis. Jirgina kuma Asabar zai tashi.

A mota Baba Sabo ya ce, "Digirin naka duka, ka rasa inda za ka ce Yaya sai nan?" Ya yi dariya, ni ban iya ba. Shi shaida ɗaya ne, don har sunana ya halarta. Saura ɗaya.

Asian Town

Da yamma muka tafi Asian Town, kasuwar ma'aikata baƙi da ke gefen unguwar masana'antu, inda direbobinmu ke haɗuwa. Muka sami kusan mutum goma a bakin wani shagon shayi. Da jin sunan Haruna suka miƙe, suna ta yi mini gaisuwa.

"Kai ne ƙanin nasa mai digiri? Wallahi ya ishe mu da labarinka!"

"Ɗansa ne," in ji Baba Sabo.

Wani mai suna Lawal ya ce, "Baba, ba ƙaryata ka nake ba. Amma shekara da shekaru muna cin abinci kwano ɗaya, ƙanena yake cewa. In an ba ni Alƙur'ani, abin da na ji zan faɗa."

Ban ga laifinsa ba, ni ma ba zan so a yi rantsuwar ƙarya domina ba. Muna shirin tashi wani ya ce mu nemi Mamudu, ɗan Ghana mai gadi a Lusail, domin a ƙofarsa marigayi yake ajiye bas yana jiran ma'aikata.

Lusail

Ranar Talata, in ban manta ba, na tafi ni kaɗai domin Baba Sabo yana bakin aiki. Bas ta kai ni tashar jirgin ƙasa, jirgin da ba direba a gabansa ya ratsa Doha da ni zuwa arewa. Sau uku na tambayi ma'aikatan tasha ko hanyar ce. Lusail sabon birni ne, dogayen benaye, wasu ba a gama ba. Na sami Mamudu a rumfar gadi, ƙaton mutum mai fara'a, Hausarsa ta Zongon Kumasi.

Ban gama bayani ba ya ce, "Kai ne Usman. Zauna."

Ya ce ranar da sakamakon jami'ata ya fito, mahaifina ya zo da babban fulas na shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, ya bi masu gadi da leburori kowa da kofinsa, har 'yan Nepal da ba su san abin da ake murna ba.

"Yana zubawa yana hawaye. Na ce, Haruna, ni ma ina da ƙanne, ba a yi wa ƙane irin wannan kuka. Gaya mini gaskiya. Sai ya juya ya dubi bas ɗinsa, ya ce, na fari ne, a wurinmu ba a faɗa. Khalas, shi ke nan, bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba."

Na roƙe shi ya zo ya ba da shaida. Mamudu ya ce zai musanya aikin Alhamis da wani.

Alhamis da Juma'a

Baba Sabo da Mamudu suka yi rantsuwa, kowa ya faɗi abin da ya sani. Da tafinta ya kai ƙarshen labarin shayin, jami'in ya yi murmushi. Ya sake tambayata ko ni wane ne. A wannan karon na miƙe tsaye.

"Usman Haruna. Ɗansa na fari."

Ya buga hatimi. Aka ce kuɗin za su bi ta banki zuwa kotun da za ta raba gado a gida. Na roƙi tafinta ya maimaita mini sau biyu.

Bayan sallar Juma'a Baba Sabo ya kai ni maƙabarta, can bayan gari. Lawal da sauran direbobin suka biyo mu. Da muka tsaya, Lawal ya tura ni gaba ya ce, "Ɗansa ne zai ja addu'a."

Gida

Na sauka Kano, na isa Birnin Kudu bayan la'asar ranar Lahadi. Kuɗin sun iso daga baya, alƙali ya raba, an gyara rufin Umma, ƙannena suna makaranta. Da na ba da labarin shayin a tsakar gida, Umma ta tashi ta shiga ɗaki kamar ba ta ji ba. Inna kuwa cewa ta yi, "Marar kunya, har ya faɗa wa baƙo?" Tana faɗa tana share ido.

Ina godiya ga Allah, sannan ga Baba Sabo, Mamudu, likitan da ya tsaya mini, da mai gadin da ya bar mini gadonsa. Duk wanda ya halarci wani abu daga cikin wannan ya ga na kauce, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Musamman idan akwai wanda ya sha shayin nan a Lusail, don Allah ya neme ni. Ina son in ji yadda ranar ta kasance, ko da abin da zai faɗa daidai yake da wanda na riga na ji.