Ranar da na naɗa wayar tayar da mota

Ko zan manta komai na zaman da muka yi a unguwar Sabo ta Ibadan kafin samun 'yancin kai, ban da ranar da na zama makanikiya a cikin ɗakina.

Maigidana direban babbar mota ne, yana kai goro Arewa. Ran nan an gama lodi tsaf, mota ta ƙi tashi. Idan goron nan ya kwana biyu a rana ya bushe, shi ke nan, babu fatoma, wato dillalin goro, da zai sake ba shi kaya. Makaniki, wani Bayarabe a unguwar Mokola, ya ciro wani abu kamar gwangwanin madara. Ya ce siririyar wayar jan ƙarfe ce naɗe a ciki. In wutar batir ta bi ta, sai ta zama mayen ƙarfe, ta fizgo wani ɗan guntun ƙarfe, inji ya juya. Wayar ta ƙone, sabon abin kuwa sai an je birnin Ikko. Ya warware tsohuwar, ya ƙirga zagaye ɗari uku, ya ce in ya gaza zai yi zafi ya sake ƙonewa a hanya.

Aka samo wata wayar da za a naɗa, amma yatsun mazan wurin duk kamar rogo, suka kasa jera ta. Maigida ya shigo da ita.

"Ke da kike kaɗin zare, ko za ki gwada?"

Na karɓa ina ta yanga. Duk zagaye goma sai in ja ƙwayar carbi ɗaya. Na yi nisa aka kira la'asar. Ina sallamewa hannuna ya ɗauki carbin nan, na ja tasbihina sarai. Sai da na shafa addu'a na farga lissafi ya bi ruwa.

Wallahi zuciyata ta ce in kintata, wa zai sani? Amma na tuna dajin da maigida zai ratsa. Na aika aka kira shi, kunya kamar in nutse.

"Malam, na yi tasbihi da lissafinka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya zauna ya riƙe mini bakin wayar, muka warware, muka sake daga fari, yana ƙirgawa da tsakuwa. Kafin magariba na jiyo rurin motar daga tsakar gida, daɗi ya kashe ni.

Tun ranar, in na ɓata aiki nakan faɗa da bakina tun ana iya gyarawa. Kunyar ba ta wuce ta minti ɗaya.