Shaidu Biyu a Kan Akwatin da Ba a Gani

Har yau in aka tambaye ni inda takardun nan suke zama, ba ni da amsa. Ina sakatariya a wani kamfanin jigilar kaya da hedikwatarsa take wata ƙasa, can ƙarshen shekarun dubu biyu, sai aka turo mana wani injiniya. Ya ce daga yau an daina ba direba takardu a ambulan. Akwai akwati a intanet, in na zuba takarda a ciki mutanen hedikwata za su buɗe daga can.

"Malam, akwatin yana cikin wannan kwamfutar ne?"

"A'a."

"To yana hedikwata?"

"Nan ma a'a. Ke dai riƙe kalmar sirrin nan, ita ce makulli. Kada ki ba kowa."

Na ce to, amma kaina ya ɗaure tamau. Ni 'yar unguwar Mardjandafak ce, kuma gidanmu gidan ajiya ne tun zamanin kakana, wanda ya kama hanyar Makka ya tsaya a nan. Fatake daga Nijar sukan bar akwatin ƙarfe a zaurenmu su yi shekara ba su waiwayo ba. Babana ba ya karɓar ajiya sai ya kira mutum biyu ya nuna musu kayan, ya nuna musu inda makulli yake, don in ta Allah ta kasance kada kayan mutane su salwanta. A gidanmu wanda ya riƙe amana shi kaɗai abin zargi ne.

Kwana uku ina juya maganar. In mota ta kaɗe ni a hanyar Dembé fa? Akwatin da ba a gani ai ba a fasa shi da guduma. Sai na kira mai kula da sito da babban direba, dukansu dattawa, na rubuta wa kowa kalmar a takarda. Wallahi ranar ji na yi na haifu.

Akwai wata abokiyar aikina mai karɓar baƙi, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Wata safiya ta zaro takardar asibiti daga cikin mayafinta. Tarin fuka ne. Ta daɗe tana shan magani, likita ya ce ba za ta shafa wa kowa ba, amma hedikwata ba ta ba da hutun jinya sai ta ga takarda.

"Ƙanwata, daga ke sai Allah. Ko dangin mijina ba su sani ba."

"Mushkila mafi, babu damuwa, Yaya. Akwatin nan ko ni ban san inda yake ba."

Ranar na zuba takardar a akwatin. Mai sito ba mugu ba ne. Yana da kwamfuta a ofishinsa, kuma a ganinsa shaida sai ya ga kaya da idonsa. Ya buɗe, ya karanta, ya kira direba shi ma ya gani. Kafin Juma'a, lokacin shayin hantsi da muke sha tare, na tarar an ware kofin Yaya daga faranti an ɗora shi a bakin taga.

Da injiniyan ya dawo ya nuna mini a fuskar kwamfuta cewa an shiga akwatin daga ofishin sito.

"Wa ya ba su makulli?"

"Ai shaiduna ne."

Na yi masa bayanin zaurenmu, bai gane ba. Shi ma ya yi mini nasa bayanin, na kasa gane yadda amana za ta tsaya babu shaida. Ya canza kalmar ya tafi, ya bar ni da kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta yi hutunta ta dawo da kofinta a jaka, tana shan shayi ita kaɗai a teburinta. Ranar da na je neman gafara ta ɗauraye kofin, ta goge shi da gefen mayafi, sannan ta dube ni.

"Ƙanwata, da direban kika ba ambulan, ai da a rufe ya kai ta."