Shekara Bakwai da Rashin Yaya Iliya

Shekara bakwai ke nan da aka kashe yayana Iliya, mai bishara a 'yar majami'ar ƙauyenmu, bayan Tsaskiya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, har na zama malamar firamare a Batsari.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, 'yan bindiga suka tare hanya, suka kora shi daji tare da maƙwabcinmu Malam Sani, manomi kuma Musulmi. Bayan kwana tara Malam Sani ya dawo shi kaɗai. Bai ko shiga gidansa ba ya tsaya a ƙofarmu, ƙafafunsa a kumbure.

Daga bakinsa muka ji komai. Sun ga Littafi Mai Tsarki a aljihun Yaya, suka ce ya yi musun Almasihu ya tsira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya amsa musu cewa ba zai juya wa Mai Cetonsa baya don ƙarin kwana ba.

"Wallahi, Rahila, addu'a yake yi musu," Malam Sani ya ce mini yana hawaye. "Da za su kashe shi, ya dubi sama fuskarsa a sake, kamar matafiyin da ya hango gida."

Wannan maganar ce ta riƙe mu. A damanar wannan shekarar da aka kashe shi kuma maƙwabta Musulmi suka yi gayya, suka nome wa Saratu, matar Yaya, gonar gero har girbi. Allah ya sāka musu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Rabin ƙauyen ya watse, rufin majami'ar ya rufta, a tsakar gidan haya muke sujada a Batsari. Na san shi, ƙirga kawunanmu zai yi, ya ga ba wanda ya ja da baya, ya ɗaga waƙar yabo da muryar nan tasa mai kaushi.

Saratu kuwa, duk gidan da aka yi irin wannan rashi, na Kirista ko na Musulmi, takan hau babur ta je, har Zakka. Zumunci a ƙafa yake, kuma wajen mijinta ta koya.

Har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba. Amma mun san inda shi yake, wannan kuwa ya ishe mu godiya.