Allon da Ba a Gani Daga Baya

A shekarun da nake koyarwa a wata firamare kusa da Gozaki, mu malaman ƙauyukan yankin muka ɓullo da wata al'ada. Kowa zai je ajin ɗan'uwansa ya kalli darasi, in an tashi a faɗa wa juna gaskiya. Sharaɗi ɗaya ne, baƙo cikin yara zai zauna. Na fi kowa zaƙewa a harkar, har ana kirana sufeto marar albashi.

A makarantar da ke gaba da tamu akwai wani dattijon malami da ya tsufa a aji ɗaya. Mutumin kirki ne, amma tuntuni ya yanke cewa yaran ƙauyukan nesa kansu ba ya ja. Su ne masu makara, don sai sun ratso gonakin masara da auduga a ƙafa. Kafin su iso 'yan cikin gari sun cike gaba, sai su zube a bencin baya.

Ran da na je ajinsa, na matsa cikinsu na zauna. Ya fara rubutu, na ɗaga kai, ban ga komai ba. Allon siminti ne da ya sha shafa har ya yi santsi, hasken taga na dukansa, sai ƙyalli kawai. Na dubi yaran, suna ta motsa fensir kamar masu kwafa, don gudun bulala.

Da yara suka fita na ce, "Malam, don Allah zo ka zauna nan."

"Kai sufeto, yau kuma mi ka hango?" Ya zauna yana dariya. Na je na cika allon da rubutu. Ya karkata hagu, ya karkata dama, dariyar ta ɗauke. Can ya ce, "Tun yaushe?" Ba ni yake tambaya ba.

A satin muka taru muka mai da allon ɗaya bangon, muka sa wurin zama ya riƙa zagayawa. Ko yini ɗaya gyaran bai ci ba, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau.

Bayan Malam ya yi ritaya, wata rana muka shiga kasuwar Funtua tare. Wani magidanci mai dakon buhunan masara ya sauke kayansa ya durƙusa.

"Malam, ba ka shaida ni ba? Ni ne daƙiƙin nan naka na baya!" Yana faɗa yana dariya, ba riƙo a ransa, ya yarda da maganar. "Shi ya sa ko nawa yaran ban wahal da su da boko ba. Kan gidanmu ne haka nan."

Malam ya riƙe masa hannu. Direban motar kaya ya danna hon, mutumin ya zare hannu ya ruga bakin aikinsa.