Ɗakin da Ba Ƙofa

Mijin yayata magini ne, duk unguwa Ba-Ƙofa ake ce masa. Asalin sunan, wata Talata aka ba shi ginin ɗakin ajiya a bayan wani shago. Ya duƙufa jera bulo tun safe, ana miƙo masa daga waje, sai da bango ya wuce kansa ta kowane gefe sannan ya nemi mafita ya rasa. Da tsani aka ciro shi, cokalin gini a hannu.

Mun sha dariya, ni ne ma kan gaba. Yaya ce kawai ba ta dara ba, don ta san mafari.

Shekara ashirin mutumin nan yana gini, bangonsa ko ba igiya a miƙe yake. Wata rana katako ya karye da shi a wajen gini, baya ya taɓu. Likita ya ce ya kwanta wata biyu. Ɗan kwangilar da yake wa aiki ya ce kwana uku, in ba haka ba a ba wani. Ga 'ya'ya biyar a gida. Da ya dawo yana ɗingishi, ɗan kwangilar da hannunsa ya miƙa masa wata jar ƙwaya. "Haɗiye, malam, ciwo na rago ne."

Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama shida. Ran da bai sha ba, ƙashi ya yi ta sara, hanci na zuba, hannu na rawa. Daɗi ake cewa yana nema? Wane daɗi? So yake ya iya sunkuyawa.

Abin da ke ci min rai, ranar tsanin nan ɗan kwangilar ne ya fara korarsa, ya bi gari yana cewa ba ya hulɗa da 'yan ƙwaya. Tun daga nan ko gyaran dakali ba a kira shi ba.

Wata bakwai ke nan bai sha ba, Yaya ta ga tashin hankali kafin ya daina. Jiya mai shagon ya ce ya zo ya fasa wa ɗakin ƙofa, in ta yi kyau a ba shi ginin sama. Na same shi yana wanke cokalinsa, na ce, "Mijin Yaya, in riƙo maka tsani?"

Ya miƙo min hannunsa, ko motsi ba ya yi.

"Yi dariyarka, ƙanina. Bango ni na gina, ban musa ba. Amma wanda ya wuni yana miƙo min bulo daga waje, shi ma bai ga babu ƙofa ba ne?"