Dish ɗin Kawuna da Idon Kakana

Lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibi, ina zaune a gidan kawuna, dillalin shanu, a Agege. Ba ni da surutu. In an taru a ƙofar gida, littafi nake buɗewa don kada a sa ni a hira, har mahautan unguwa suna tsokanata wai sai an biya ni nake magana.

Da damina ta kama, saƙo ya zo daga ƙauyenmu cewa idon kakana yana dushewa, kuma ya ce yana son ya ga fuskata kafin ganin ya tafi, don rabonsa da ni tun ban yi gemu ba. Na shirya tafiya a dogon hutu. Wani direban tirela, abokin kawuna, wanda ke kawo shanu ya koma arewa ba kaya, ya ce zai ɗauke ni. Na rubuta komai a ɗan littafina: Ibadan, Ilori, gadar Jebba, Kontagora, inda za a yi salla, har burodin Agege da zan kai tsaraba.

Sai kawuna ya sayi dish da dikoda, ya biya kati na wata guda saboda gasar ƙwallon duniya, wadda a shekarar da safe ake bugawa. Da yake ni ke karanta Turanci, ni aka miƙa wa takardar na'urar. Na koyi saita ta, na san yadda ake juya dish ɗin idan ruwa da iska sun ɗauke hoto, na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a bayan littafin tafiyar. Nan da nan na zama Oga Injiniya. Mutanen da ba sa amsa gaisuwata sosai suka fara ajiye mini kujerar gaba da tsire mai zafi.

Ga laifina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da tirela ta tashi tafiya, kawuna ya tambaye ni ko akwai wanda zan koya wa kafin in tafi. Matakan da na rubuta shafi biyu ne kawai, da na yage na ba shi da an gama. Amma na ce masa abin yana da wuya, in wani ya taɓa zai lalace. Ban so a gane cewa kowa zai iya ba. Kawuna ya ce to in bari sai zuwa na gaba. Daga nan ƙaryata ta ɗaure ni. Sau biyu direban yana dawowa yana tambaya cikin raha ko injiniya ya samu hutu, sau biyu ana cewa ba a sakin injiniya ana tsakiyar gasa. Ina son tafiya, amma faɗin gaskiya yana nufin in tona kaina a gaban dattawa. Sai in hau rufin kwano cikin yayyafi, ina juya ƙarfe, ana ihu daga ƙasa cewa hoto ya kawo, ya ɗauke, zuciyata kuwa tana kan hanyar Jebba.

Sai da kati ya ƙare na tafi. Na samu kakana a zaune a inuwa, ya juyo da kansa wajen muryata, ba wajen da nake tsaye ba. Ya sa na durƙusa, ya shafa fuskata da tafin hannu, ya yi dariya ya ce ashe har gemu na ajiye ban aiko masa da labari ba. Bai tambaye ni abin da ya tsare ni ba. Ƙanwar mahaifiyata ce ta gaya mini cewa mako uku da suka wuce yana iya gane mutum in ya matso kusa.

Na koyi cewa daɗin a ce ba a iya yi sai da kai yana iya zama ɗauri. Masu karatu, in kun iya wani abu, ku koya wa na kusa da ku, ku tafi inda ake jiranku. Yau ko sakamakon wasa ɗaya ba na tunawa, amma har yanzu ina jin tafin hannun nan a fuskata.