Makullin Malama Ermelinda

Kowace Lahadi da ƙarfe biyu na rana, Malama Ermelinda Zanardi takan jingine kekenta a bayan coci, ta jera kujeru sittin a zauren cocin ita kaɗai, ta goge idon majigi da bakin gyalenta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana nuna mana tsofaffin finafinan ƙasarmu, baƙi da fari. Da fim ya ƙare sai ta murɗa makulli a ƙofar zauren, ta jefa shi cikin jaka. Ba mai fita sai mun faɗi abin da labarin yake nufi.

Yanzu idanunta sun gaza. Lahadin nan za ta mayar wa Fada, limamin cocinmu, makullin, shi kuwa ya ce in ba wanda ya karɓa, zauren zai koma ɗakin ajiyar tarkace. Tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya. Jiya ma na kusa yanke wa mutum kunne a shagona na aski.

Abin kunyar shi ne, ni Ottavio, sau biyu ina tsere mata ta tagar bayi.

"Haba Malama," na taɓa ce mata, "jaki ne fa kawai ya wuce a fim ɗin!"

"Wa ya ɗora masa kayan? Zauna, sarkin gudu."

Duk garin nan an san Oreste da ƙanensa Tullio. Sun raba gidan ubansu da katangar bulo, shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa babu. Wata Lahadi da ta ga dukansu sun zo, kowa a kusurwarsa, sai ta ajiye fim ɗin da ta shirya, ta sa wani: mutum ne ke yawo gari-gari da ƙofa a bayansa, ya rasa bangon da zai kafa ta. Aka kunna fitila, ta kulle mu.

"Tullio, ƙofar nan ta wane ne?"

"Ta mahaukaci ce."

"Oreste fa?"

Oreste ya daɗe yana murza hularsa. Can ya ce, "Bango ai akwai shi. Mai fasa shi ne babu."

Nan take ta buɗe mana. Ranar Laraba ina cikin aski na ji ƙarar guduma daga gidansu, na fito da almakashi a hannu. Su biyun ne, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, suna zagin juna kan faɗin ƙofar da suke fasawa a katangar.

Ke ce, Malama, mai tambayar da ke bin mutum har gida. Ba ki taɓa gaya mana amsa ba, kin dai hana mu tashi sai mun nemo ta da bakinmu. Mun yi miki tsaki, mun yi gunaguni miya tana hucewa a gida, ba ki fasa ba. Mun gode, kuma ni kam ina jin kunyar tagar nan har yau.

Ban san fim kamar ke ba. Amma ranar Lahadi zan riga Fada miƙa hannu in karɓi makullin.

Ku kuma mutanen gari, kada ku bar ni da kujeru sittin ni kaɗai. Ku zo, kowa ya kawo bakinsa. Tagar bayin kuwa kada wanda ya sa rai da ita, na riga na buga mata ƙusa.